Kaɗaicin Baƙo A Ɓaure: Addu'a Ma A Ƙafa Take

Bahaushe ba ya rasa sunan da zai kira ciwon da ke damunsa, ko da kuwa ya rasa maganinsa. Ga halin da mutum kan shiga idan ya waiga dama da hagu bai ga nasa ba, harshenmu ya tanadi kalmomi uku, kuma kuskure ne a ɗauke su a matsayin abu guda. Akwai kaɗaici, akwai kewa, akwai kuma wariya. Kaɗaici ya samo asali ne daga kaɗai, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar nan ta -ci mai nuna halin zama, kamar yadda talaka ya haifi talauci, maraya kuma ya haifi maraici. Kewa ba ta samuwa sai da wani sananne, domin ana kewar uwa, ana kewar gida, amma ba a kewar wanda ba a taɓa sani ba. Ita kuwa wariya daga ware take, aikatau mai neman wanda ya yi da wanda aka yi wa. Ke nan kaɗaici samun mutum yake yi, kewa jin ta yake yi, wariya kuwa sai da hannun wani. Duk mai son taimakon wanda ya faɗa ɗaya daga cikinsu, wajibi ne ya fara sanin wanne ne, domin maganin kewa ba ya warkar da wariya.

Mun daɗe muna yi wa kanmu kirari cewa wannan cuta ce ta Turawa, mutanen da ke zama shekara goma a gida ɗaya ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Lokacin da Ingila ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan kuma ta bi sahu a 2021, da yawa daga cikinmu dariya suka yi. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kwatanta illar rashin mu'amala da mutane da ta shan karan sigari har 15 a rana. Sai ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Yunin 2025 ya zo da abin da ya kamata ya tsayar mana da dariyar. Ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma a ƙasashe matalauta kusan kashi 24 cikin 100 ne, alhali a ƙasashe masu arziki kashi 11 ne. Ashe gemun da ya kama wuta namu ne.

Zan taƙaita maganata a kan wuri guda da mutum iri guda, don kada ta watse. Wurin shi ne Ɓaure, a masarautar Daura, can ƙuryar arewa maso gabashin Jihar Katsina, inda ƙasar gero da gyaɗa da riɗi ta jingina da Jamhuriyar Nijar ta wajen Magarya. Wani abin lura shi ne, ita kanta Ɓaure ta san ɗacin barin gida. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura wajen shekarar 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita daga birnin, kuma daga zuriyarsa aka sami sarautu biyu a waje, ɗaya a Zango, ɗaya a Ɓaure. An shafe kusan shekara ɗari a haka kafin Turawa su mayar da Malam Musa na Zango kan gadon sarautar Daura. Masanin nan M. G. Smith ya yi littafi sukutum a kan wannan rabuwa, wanda aka buga a 1978. Ko a zamaninmu, mutanen wannan yanki sun ɗanɗana yankewa daga 'yan'uwa: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Dangin da kasuwa da biki suka saba haɗawa sai suka koma gaisawa ta waya.

Mutumin kuwa shi ne Kiristan da aiki ya kai irin wannan wuri. Ba su da yawa, kuma galibinsu baƙi ne: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, jami'in kwastan ko na shige da fice, mai shagon magani, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun kafa shirin a 1973 ake turawa nesa da gida da gangan don su san ƙasarsu. A cikinsu akwai wanda halinsa ya fi na kowa sarƙaƙiya, wato Bahaushe Kirista. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan shafi sun yi makaranta ko aiki da irinmu, mutanen Malumfashi da Ƙafur da Wusasa da makamantansu, ko da ba su taɓa tsayawa sun tambayi yadda muke ji ba.

Wani tsohon ɗalibina, ɗan kudancin Katsina, an tura shi koyarwa wata makaranta a ƙasar Ɓaure. Tsakaninsa da gida tafiya ce mai cin yini, in an haɗa da jiran mota ta cika a tasha. Bayan 'yan watanni ya kira ni da dare, muka gaisa, sai ya yi shiru. Da na matsa masa, ya ce: "Malam, wallahi ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni komai. Amma daga tashi makaranta har washegari, ba ni da wanda zan ce wa ga abin da ke raina." Da muka bi diddigi sai na gane inda gizo ke saƙar. Ranar Lahadi yana zuwa wata 'yar ƙaramar majami'a, inda ake sujada da Turanci ana waƙa da harsunan kudu, kuma 'yan'uwansa a bangaskiya suna kallonsa a matsayin Bahaushe tukuna. A cikin gari kuwa sunansa na Hausa ne, harshensa na Hausa ne, don haka an karɓe shi a majalisa hannu bibbiyu, har ranar da aka kira sallah kowa ya miƙe ya bar shi a kan tabarma. Ba wanda ya ce masa uffan. Amma shirun da ya biyo baya ya yi masa nauyi, sai ya daina zuwa. Kaɗaici ne ya same shi, kewar gida ta hau kai, sannan shi da hannunsa ya mayar da kansa saniyar ware tun kafin wani ya ware shi.

Da ya kai kuka ga mutanen ikilisiyarsu ta gida, abin da ya samu shi ne ruwan saƙonni a WhatsApp: hotunan furanni da faɗuwar rana, a kansu an rubuta ayoyi da Turanci, waɗanda aka turo masa kamar yadda aka tura wa wasu ɗari. Wasu suka ce ya ƙara azumi. Wani ma ya ce masa mai bi na gaskiya ba ya jin kaɗaici, tunda Allah yana tare da shi. A ganina wannan magana ta ƙarshe ta fi cutar muni, domin ta ɗora masa laifi a kan ciwo. Kuma ba ta da tushe a littafin da mai maganar ke riƙe da shi.

Duk wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa zai ga cewa ba ya ɓoye wannan ciwo, ba ya kuma jin kunyarsa. A Littafin Farawa, bayan an yi ta yaba halitta mataki-mataki, abu na farko da aka ce bai yi kyau ba shi ne zaman mutum shi kaɗai, alhali a lokacin ba zunubi, kuma ba abin da ya shiga tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ke nan kusanci da Allah bai soke bukatar ɗan'adam ga ɗan'adam ba. Zabura ta 88 kuka ce tun daga farko har ƙarshe, ta mutumin da abokai suka guje shi, kuma ta ƙare ba tare da wani rarrashi ba. Duk da haka aka bar ta a cikin littafin addu'a, shekaru dubbai ana karantawa. Yesu Almasihu kansa, a daren da za a kama shi a Getsamani, bai wadatu da yin addu'a shi kaɗai ba, sai da ya nemi almajiransa uku su zauna kusa a farke. Barci ya kwashe su, kuma Linjila ba ta ɓoye cewa abin ya yi masa zafi ba.

Amma labarin da na fi so mai karatu ya duba shi ne na Annabi Iliya, a sura ta 19 ta Littafin Sarakuna na Fari. Ga mutumin da ya gudu daga barazanar Yezebel, ya bar baransa a hanya, ya shiga jeji ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa, yana ganin shi kaɗai ya rage. Dubi tsarin da aka bi da shi. Ba a fara da wa'azi ba, ba a kuma tuhumi bangaskiyarsa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ba shi. Bayan jiki ya dawo, sai aka bar shi ya amayar da abin da ke ransa, har sau biyu yana maimaita ƙorafi iri ɗaya ba a katse shi ba. Daga nan aka gyara masa lissafi, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 irinsa da bai san da su ba. Sannan aka ba shi aiki, aka mayar da shi cikin mutane, aka kuma haɗa shi da Elisha, wanda ya zama abokin tafiyarsa har ƙarshe. Barci da abinci, kunnen sauraro, gyaran lissafi, aiki, aboki. Wanda ya tura hoton fure ya kwanta, wanne ya yi a ciki?

Haka Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, yana kurkuku, abokan aiki sun watse. Bai ce a yi masa addu'a daga nesa a bar shi ba. Ya roƙi Timoti ya zo da kansa kafin lokacin sanyi, ya taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa, da littattafansa. Mutumin da ya rubuta kaso mai tsoka na Sabon Alkawari ke nan, yana neman ziyara da abin rufa da abin karantawa.

Abin mamaki shi ne ikilisiyar ƙasar Hausa ta manta da wannan darasi, alhali a kansa aka gina ta. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, kuma ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce ta kutare. Mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta aka sami ECWA a 1954, ta karɓi kula da matsugunan kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato, da na ƙasar Kano, daga baya kuma ta buɗe na Danja kusa da Maraɗi a ƙetaren iyaka. Ana iya muhawara a kan manufar 'yan mishan, kuma masana tarihi, Musulmi da Kirista, sun yi ta. Abin da ba ya da ja shi ne waɗanda suka tarar a can su ne mafi wariya a cikin al'ummar wancan zamani, mutanen da ake ware wa ƙwarya da tabarma. Abin da ya ja wasunsu zuwa ga sabon addini ba gardamar tauhidi ba ce. Sun ga wanda ya riƙe hannun da kowa ke ƙyama ya wanke shi. Jikokin wannan aiki ne yau ke ganin sun sauke nauyi da danna waya.

Akwai kuma batun harshe, wanda shi ne fagena. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa na rayuwarsa a kai, shi da Hausawan da suka taya shi. Mutum yana iya yin ciniki da jarrabawa da harshe na biyu, amma kuka da harshen uwa ake yi. Ɗalibin nan nawa ya iya Turanci, da shi ya yi digiri, amma addu'ar da za ta taɓa inda ke masa ciwo sai ta Hausa. Majami'ar da ke zaune a ƙasar Daura, tushen Hausa Bakwai, ba ta ware ko minti goma na karatu da addu'a da Hausa ba, ta ƙara wa irinsa baƙunta a wurin da ya kamata ya sauke ta.

Da na ba shi shawara, ban fara da majami'a ba, na fara da gaisuwa. Masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya yi bayani tun 1923 cewa akwai maganar da ba don isar da labari ake yin ta ba, sai don ɗaure mutane da juna. Da ya zauna a Daura da ya ga inda aka ƙware a kanta. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina gida, ina labari: ba ɗaya daga cikinsu da ke neman amsar gaskiya, duk wanda aka tambaya zai ce lafiya ko da a kan gadon asibiti yake. Amma kowace tambaya tana cewa na gan ka, ka shiga lissafina. Kuma idan mutum ya ɓace aka ce masa kwana biyu, an shaida masa ke nan cewa an lura da gurbinsa. Wannan tsari bai tambayi addinin kowa ba. Na ce masa: "Ƙanena, koma majalisar nan. In an tashi sallah ka tsare musu takalma da shayi, in sun dawo ka ce a karɓi ibada. Suna ya kama ka je barka, rasuwa ta faru ka je gaisuwa ka zauna a yi shiru da kai. Ranar Kirsimeti ka aika wa maƙwabta abinci, ko da wani zai mayar." Shirun da ya gani a ranar farko, a iya sanina da mutanenmu, ya fi kama da na wanda bai san abin da zai ce ba, fiye da na wanda ya yanke hukunci. Ba zan ce kowa zai karɓe shi ba. Ƙarya ce a ce babu masu ƙyamar wanda ba addininsu ɗaya ba, a kowane ɓangare. Amma ba gari yake bukata ba, mutum biyu ko uku sun isa.

Sai dai akwai iyaka. Idan kaɗaici ya kai ga mutum ya daina barci ko cin abinci mako da makonni, ya daina jin daɗin komai, ko ya fara tunanin gara mutuwa, to an shiga ciwon damuwa, kuma wannan na likita ne. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta, ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ɗauki mai irin wannan larura a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Faston da ya riƙe irin wannan mutum da azumi kaɗai bai tura shi asibiti ba, ya ci amanarsa.

Duk da haka addu'a ce ya nema a wurina, kuma na yi masa, ta waya, da Hausa. Na kawo ta nan don wani da ke irin halinsa a Babban Mutum ko Zango ko Mai'adua, ko ma a tsakiyar Kano:

Ya Ubangiji Allah, Kai da Ka san ɗakin da bawanKa yake kwana da abin da yake juyawa a zuciya idan fitila ta mutu, ga shi a gabanKa. Ba ya iya ɓoye maKa cewa ya gaji, mu ma ba za mu ɓoye ba. Ka ba shi barci mai daɗi a daren nan, Ka ba shi marmarin abinci da safe. Ka kiyaye iyayensa da ke nesa, don kewarsu kada ta zama fargaba. Ka cire masa tsoron fuskokin da bai gama sani ba, Ka cire musu shakkarsa. Ka tanadar masa a garin nan mutum guda da zai tambaye shi ina gajiya ya tsaya ya ji amsa. Ka albarkaci maƙwabtansa da 'ya'yansu da yake koyarwa, da gonakinsu da dabbobinsu. Mu kuma da muke wannan roƙo, kada Ka bar mu mu huta sai mun taka mun je. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Jimlar ƙarshe ta wannan addu'a a kan mai yin ta take faɗawa, kuma da gangan na sa ta. Ikilisiyoyinmu na Katsina da Malumfashi da Funtuwa suna da Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa masu motar zuwa taro da biki. Sunan zumunta suka ɗauka, Bahaushe kuwa ya ce a ƙafa take. Ba abin da zai hana kowace gunduma ta riƙe sunayen 'ya'yanta da aka tura ƙananan hukumomin bakin iyaka, ta sa mutum biyu su kai musu ziyara sau ɗaya a zangon karatu, su kwana, su ci tuwo tare, su kuma je da su gaida mai unguwa da mai gidan da suke haya.

Ga 'yan'uwana Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta wannan shafi, da yawanku shugabannin makarantu ne, ko manyan ma'aikatan asibiti da sakatariya a irin waɗannan garuruwa. Ba sai na tuna muku matsayin maƙwabci da na baƙo a addininku ba, kun fi ni sani, kuma tun muna yara muke jin ana cewa baƙonka annabinka. Wanda ke koya wa 'ya'yanku lissafi, ko wadda ke karɓar haihuwar matanku da tsakar dare, watakila rabonsu da wanda zai tambaye su mutanen gida tun ranar da suka sauka daga mota. Ba a nemi kowa ya sassauta aƙidarsa ba. Ƙwaryar fura da azahar, ko yaro ya leƙa ya ce Baba na kira a zo a sha shayi, ko a tuna cewa ranar 25 ga Disamba akwai wanda ke ɗaki shi kaɗai a bayan makaranta, a aika a ce masa barka.